Sawun Gyara: Tarihin da Ke Bayan Kowane Adadi

Garin Amarawa yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, kuma da an ƙetare sai ƙasar Birnin Kwanni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ranar da kasuwar Illela ke ci, ya ga yadda ake yi da motar kaya. Ba a tambayar direba ko shi mai gaskiya ne. Takarda ake tambayarsa. A jikin takardar akwai inda aka yi lodi, da abin da aka ɗauko, da hatimi, da kwanan wata. Idan buhu 300 aka rubuta tun farko, aka kuma tarar da 280 a iyaka, ba lallai ne a ce sata aka yi ba, domin mai yiwuwa an sauke 20 a Gwadabawa. Amma tilas a ga inda aka rubuta saukewar, da hannun wanda ya rubuta.

Adadin da mai karatu ke gani a cikin rahoton bincike shi ma matafiyi ne kamar wannan mota. An fara rubuta shi a gona, ko a kasuwa, ko a gefen gadon majiyyaci, aka kwafe shi zuwa wani littafi, aka shigar da shi cikin kwamfuta, aka jujjuya shi da lissafi, sa'an nan ya fito a shafi fes kamar bai taɓa shan ƙura ba. A kowane zango akwai hannun da ya taɓa shi, kuma hannun da ke iya gyarawa shi ne dai ke iya ɓatawa. Wannan ya sa masana suka ɗora wa kansu wata ƙa'ida wadda za a iya kira da Hausa sawun gyara, wato rubutaccen tarihin duk wani canji da aka yi wa bayanan bincike. Yana nuna abin da ke wurin a da, da abin da ya koma, da wanda ya canza, da ranar da sa'ar da ya canza, da kuma dalilinsa. Babban sharaɗinsa shi ne sabon rubutu ba ya shafe tsoho. Ƙari ake yi, ba a ragi.

Daga kasuwa zuwa jami'a

A ƙaddara cewa wasu masu bincike daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun ƙuduri aniyar gano yadda farashin gero ke hawa da sauka a ɓangarorin iyakar biyu, shekara da shekaru. Suka ɗauki ma'aikaci guda a Amarawa, wani kuma a Birnin Kwanni, kowa yana cika fom duk mako. Misali ne kurum, amma tarkunan da ke cikinsa na gaske ne.

Na farko waƙafi ne. Wanda ya yi makaranta a Nijar bisa tsarin Faransanci, idan zai rubuta biyu da rabi, 2,5 zai rubuta, alhali ɗan makarantar Nijeriya 2.5 ya sani. To, ma'aikacin Kwanni ya auna tiyar gero ya rubuta kilo 2,5. Mai buga bayanai a Sakkwato ya ɗauki waƙafin zamewar alƙalami ne, ya buga 25. Idan sefa 600 aka sayar da tiyar, kilo ɗaya da ya kamata ya kama sefa 240 sai ya fito 24, har a zaci gero ya zama banza a Kwanni a wannan mako. Bayan wata biyu shugaban aikin ya lura, ya ɗauko ainihin fom ɗin, ya gane abin da ya faru. Idan ya shafe 25 ya sa 2.5 ya yi shiru, adadin ya gyaru, amma ya bar wa kansa rigima. Rahoton wucin gadi da aka aika kafin gyaran ba zai ƙara dacewa da abin da ke cikin kwamfuta ba, kuma duk wanda ya kwatanta su nan gaba ba shi da hanyar bambance gyaran gaskiya da na son zuciya. Abin da ƙa'ida ta nema layi ɗaya ne tak: layi na 214, nauyin tiya, da 25 ne, yanzu 2.5, an duba fom na asali an ga waƙafi ne, ga sunan mai gyara, ga rana da lokaci.

Suna ma tarko ne. Illela biyu ce: ta Jihar Sakkwato, da wata a Jihar Tawa ta Nijar. Amarawa kuma harafi ɗaya ne ya raba ta da Amanawa da ke kudu da birnin Sakkwato. Mai tsabtace bayanai da bai san yankin ba yana iya haɗe garuruwa biyu su zama ɗaya, yana ganin gyaran rubutu ya yi.

Sai batun gurbi. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a sake buɗe ta Illela ba sai a Disamba na 2020. An kuma rufe iyakar a 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai. Idan a irin wannan lokaci fom bai iso ba, gurbin da babu komai a ciki yana nufin ba a auna ba. Wani sai ya ga teburin bai yi kyau ba, ya cike da sifiri, ko da matsakaicin makonnin baya. Cike gurbi da ƙiyasi ba haramun ba ne a ilimin ƙididdiga, akwai hanyoyin yinsa, amma tilas a sa wa adadin alama cewa ƙiyasi ne. Haka kuma mayar da sefa zuwa naira: da canjin banki aka yi ko da na 'yan canji, kuma na wace rana? Wanda ya san an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ya kuma ga yadda naira ta faɗi bayan an sake ta a Yunin 2023, ba zai raina wannan tambaya ba.

Wuƙa a majalisin karatu

Ɗalibi yana iya zaton kwamfuta ce ta zo da wannan tunani. Ko kusa. Malaman Hadisi sun riga kowa shan wahalar tambayar nan ta wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi ya sa isnadi ya zama fanni mai zaman kansa. A ƙasar Sakkwato, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin ya bayyana malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne.

Abin da ya fi kusa da batun yau shi ne ladabin gyaran rubutu. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatan ƙasar Hausa, wanda ya rasu a 1149, ya yi bayani a wani littafin nasa mai suna Al'ilma'u cewa malamai ba su son a zo da wuƙa majalisin da ake karanta littafi ana kwatantawa. Dalili kuwa, da wuƙa ake kankare tawada, kuma kalmar da aka kankare yau tana iya zama ita ce daidai a wata ruwayar gobe. Suka zaɓi a ja layi siriri a kan kalmar ta yadda za ta karantu. Abin da mai kwafe ya tsallake kuwa, a gefen shafi ake rubuta shi, a sa masa alamar inganci. Mai duba tsofaffin littattafan hannu na Sakkwato da Gwandu da Kano zai ci karo da irin waɗannan rubuce-rubuce na gefe.

Abin sha'awa, ƙa'idojin gwajin magani na duniya da aka amince da su a 1996 sun zo da hukunci iri ɗaya: duk gyaran da aka yi a fom ɗin majiyyaci, a sa masa kwanan wata da haruffan sunan mai gyara, a yi bayani inda ya kamata, kuma kada gyaran ya rufe rubutun farko. Tsakanin hukuncin biyu akwai shekara fiye da 800.

Kano, 1996

A wannan shekara ta 1996 ɗin ce annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kama mutane sama da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin haka kamfanin magunguna na Pfizer ya turo ma'aikata daga Amurka zuwa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin. Kusan rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran kuma wani sanannen magani da ake kira ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, domin sanƙarau da kansa yana kisa yana nakasawa, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba su san gwaji ake yi ba.

A irin wannan saɓani takarda ce ke raba gardama, a nan kuwa takardun ne suka gaza. Babu fom ɗin amincewa mai sa hannun iyaye da za a nuna. Akwai kuma wata wasiƙa ɗauke da kwanan watan Maris na 1996, wadda ke cewa kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya amince da gwajin, an kuwa gabatar da ita ga hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. A farkon 2001 jaridar Washington Post ta ruwaito shugaban asibitin yana cewa a lokacin gwajin ba a ma kafa kwamitin ba tukuna, ta kuma ruwaito cewa an rubuta wasiƙar ne daga baya aka mayar da kwanan watan baya. Wani kwamitin bincike na Gwamnatin Tarayya ya kammala rahoto a 2001, amma jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai a 2006. A 2007 Jihar Kano da Gwamnatin Tarayya suka kai ƙara, a 2009 kuma aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ko da aka zo biyan diyya, sai wata tambaya ta taso: su wane ne ainihin yaran? Mutane fiye da 500 suka gabatar da kansu a kan gwajin da aka yi wa yara 200, har sai da aka koma ga gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA. Iyalai huɗu na farko ba su karɓi kuɗi ba sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan gwajin, kowanne dala 175,000.

Wasiƙa ɗaya mai kwanan watan ƙarya ba ta tabbatar da cewa maganin ne ya kashe kowa ba. Abin da ta yi ya fi haka faɗi: ta sa ba a iya gaskata sauran takardun, har da waɗanda mai yiwuwa gaskiya ne a cikinsu. Kuma ba a asibiti ɗaya abin ya tsaya ba. Lokacin da Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abubuwan da mutane ke kafa hujja da su. Ba a ci gaba da rigakafin ba sai a tsakiyar 2004, bayan cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da a da suka rabu da ita. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa.

Yadda kwamfuta ke ajiye sawu

Takarda tana da wata baiwa: ko an kankare ta, tabo yana nan. Kwamfuta ba ta da tabo. Idan aka goge 25 aka buga 2.5 a cikin teburin lissafi irin na Excel, sabon adadin yana zama daram kamar da shi aka fara. Wani lokaci ma manhajar ce ke canji da kanta ba da sanin kowa ba. Akwai ƙwayoyin gado masu sunaye irin SEPT2 da MARCH1, waɗanda Excel ke ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Wani nazari da aka buga a 2016 ya gano wannan kuskure a cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na takardun kimiyyar da aka duba, har a 2020 masana suka haƙura suka canza wa ƙwayoyin suna.

Saboda haka a kwamfuta gina sawu ake yi da gangan. Tun 1997 hukumar magunguna ta Amurka ta shar'anta cewa duk bayanan gwaji da aka ajiye a kwamfuta, na'urar da kanta ta riƙa rubuta wanda ya shigar ko ya canza ko ya goge abu, da lokacin da ya yi, a wani kundi na daban da mai aikin ba ya iya taɓawa. Manhajojin tattara bayanai irin REDCap, wadda Jami'ar Vanderbilt ta ƙirƙira a 2004, da ODK da ma'aikatan lafiya ke cikawa a wayar hannu, suna da irin wannan kundi.

Inda babu su, akwai dabara mai sauƙi. Bayanan da suka iso daga fili ana kulle su, a bar su yadda suka zo, da kurakuransu da komai. Kowane gyara ana rubuta shi a matsayin umarni a wani fayil na daban, kwamfuta ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya ta fitar da tsabtataccen kwafi. Wanda ya yi shakka sai ya ɗauki na asali, ya bi umarnin da kansa, ya ga ko zai isa inda aka isa. Domin a tabbatar ba a taɓa na asalin ba, ana ɗaukar masa wani abu mai kama da zanen yatsa. Wani lissafi mai suna SHA-256 yana karanta fayil komai girmansa ya fitar da jerin haruffa da lambobi 64, kuma ko waƙafi ɗaya aka canza, jerin zai fito daban gaba ɗaya. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ta ɗora a kan irin wannan dabara: kowane sabon gyara yana ɗauke da zanen yatsan wanda ya gabace shi. Ta haka gyare-gyaren ke zama sarƙa, wanda ya taɓa zobe ɗaya a tsakiya duk na bayansa za su tona shi. Almajirin da ya san isnadi ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Amfanin barin hanya a buɗe ya bayyana a 2013. Wasu fitattun masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa a 2010 cewa ƙasashen da bashinsu ya wuce kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa a shekara, tattalin arzikinsu kan ja baya da kashi 0.1 a matsakaici. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da wannan wajen tsuke bakin aljihu. Wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin ya kasa, sai ya roƙi teburin nasu, suka aiko masa. Nan ya ga an tsallake ƙasashe biyar wajen ɗaukar matsakaici. Da shi da malamansa suka gyara wannan da wasu matsaloli biyu, sai ja bayan ya koma ci gaba na kashi 2.2. Ya kamata a yaba wa masanan da suka miƙa teburin, domin da sun hana, da kuskuren yana nan.

Inda sawu ya tsaya

Sawun gyara yana farawa ne daga lokacin da adadi ya shiga littafi. Ma'aikacin da ya zauna a gindin bishiya a Amarawa ya cika fom goma daga kansa ba tare da ya taka kasuwa ba, kwamfuta za ta adana ƙaryarsa da cikakken tarihi. Maganin wannan daban ne: ziyarar ba-zata, da sake auna wani kaso, da na'urar nuna wuri. A wajajen 2012 aka fara ba ayarin masu rigakafin shan inna a jihohin arewa wayoyi masu rubuta inda suka taka, aka riƙa ɗora sawunsu a kan taswira domin a ga ƙauyukan da aka tsallake. An ga mutum na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, amma sai da wani kwamiti ya bi takardun sa ido na shekaru kafin a ayyana yankin Afirka ya rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020.

Akwai kuma raunin da ya fi yawa a ofisoshi, wanda ba na na'ura ba ne. Idan mutum shida suna shiga kwamfuta da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, kundin zai ce mutum ɗaya ne ya yi komai, wato bai faɗi komai ba ke nan. Idan ƙaramin batirin agogon kwamfuta ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan wata zai koma baya, gyaran jiya ya fito kamar an yi shi shekarun baya. Sa'an nan tun da kundin ba ya mantuwa, sunan majiyyacin da aka cire daga tebur yana iya maƙalewa a cikinsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa tsare irin wannan ya zama wajibi, don haka tun farko lamba ake ba mutum maimakon suna, a ajiye jerin sunayen a wani wuri a kulle.

A ɗakin gwaji na makaranta

Makarantar sakandare ba ta bukatar ko kwamfuta ɗaya kafin ta fara. Littafi ɗinkakke ake nema, ba mai zare shafi ba, a sa wa shafukansa lamba tun ranar farko. Da biro ake rubutu, ba fensir ba, kuma a wurin awon ake rubutawa, ba a bayan hannu ko guntuwar takarda da niyyar a kwafe daga baya ba. Farin ruwan shafe rubutu ba shi da wuri a ɗakin gwaji, shi ne wuƙar wannan zamani. Kuskure layi ɗaya ake ja masa, a rubuta daidai a gefe, da kwanan wata da haruffan suna da dalili a taƙaice.

A nan malamai suna da nasu alhakin. Malamin da ke rage maki saboda shafi ya yi datti da gyare-gyare, ya kuma ba da cikakken maki ga shafi fes mai amsar da ta yi daidai da ta littafi, yana koya wa ɗalibai su kwafe su ɓoye ne ba da saninsa ba. Ɗalibar da ta auna ƙarfin jan ƙasa da lilo ta sami 9.1 maimakon 9.8, ta rubuta yadda ta samu, ta kuma gano cewa daga saman ƙwallon ta auna zaren ba daga tsakiyarsa ba, ta fi wanda ya rubuta 9.8 tun kafin ya saki lilon.

Kulab ɗin kimiyya a Amarawa ko Illela yana iya gwada duk wannan da ma'aunin ruwan sama guda ɗaya a farfajiyar makaranta, daga Mayu zuwa Oktoba. Ɗalibi ɗaya ya karanta awon kowace safiya a lokaci guda, na biyu ya duba ya sa hannu, malami ya sa nasa a ƙarshen mako. Ranar da aka duba ba a sami ruwa ba, sifiri za a rubuta. Ranar da ba a duba ba saboda hutu, ko akuya ta ture ma'aunin, sai a bar gurbin a ja masa layi, a rubuta dalilin a gefe.